Birkin faifai a keken VTT: wane keke ne ke karɓarsa, kuma yaya ake kula da shi cikin ƙurarmu?

A wajen masu sayar da kekuna na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, keken nan mai kaurin taya da ake kira VTT ya samu wurin zama. Wasu sababbi ne daga ƙasar Sin, wasu kuma na hannu ne da suka gama zamaninsu a Turai aka lodo su cikin kwantena. A da mai saye yakan fara tambayar bitas nawa keken ke da shi. Yanzu abin da ido ke fara nema shi ne ɗan faifan ƙarfen nan da ke tsakiyar ƙafa, wanda masu gyara ke kira disk. In akwai shi, kuɗin keke ya hau. In babu, sai mai keke ya shiga tunanin yadda zai sa a ɗaura masa.

A nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu, wasu ma su sayo wa kansu haɗari. Ba kowane keke ne ke karɓar birkin faifai ba, kuma wanda ya karɓa yana da nasa sharuɗɗa da suka bambanta da na birkin robar da muka saba da shi.

Tun farkon wannan keke matsalar birki ce ke biye da shi. A jihar Kaliforniya ta Amurka, cikin shekarun 1970, wasu samari suka riƙa gangarowa daga tsaunukan yankin Marin a kan tsofaffin kekuna masu birkin feda. Tseren da suka fara a 1976 an sa masa suna Repack, domin duk wanda ya sauko gangaren sai ya tarar zafi ya ƙone giris ɗin da ke cikin cibiyar ƙafar baya, dole ya buɗe ya sake cusa wani. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan VTT na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. Birkin faifai bai zama ruwan dare a kansu ba sai ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000. Shi ya sa tsofaffin kekunan Turai da yawa da ke iso mana ba su da wurin ɗaura shi.

Me faifai ya fi roba da shi?

Birkin roba yana matse janti ne, wato zoben ƙarfen da taya ke zaune a kai. Janti yana kusa da ƙasa, duk abin da taya ta taka yana shafarsa: ruwa, taɓo, rairayi. Da damina, in ka ratsa kududdufi, sai ƙafa ta juya sau da yawa kafin robar ta share ruwan ta kama. Da rani kuwa rairayi kan maƙale cikin robar ya riƙa cin jantin kamar ana goga shi a dutsen niƙa, har wata rana gefensa ya yi siriri ya tsage. Sannan in janti ya ɗan karkace, ko rayon ɗaya ya tsinke, birkin ya fara gugar ƙafa ke nan.

Faifai yana can tsakiya, nesa da ƙasa. Janti ya karkace ko bai karkace ba, babu ruwansa. Ƴan fale-falen da ke matse shi, waɗanda masu gyara ke kira pilaket, suna kama shi da ƙarfi mai yawa, don haka ruwa ba ya daɗewa a tsakaninsu. Kuma zafin da birki ke haifarwa a doguwar gangara yana tsayawa a faifan, ba ya kai wa ga shambur.

Wannan fifiko gaskiya ne, amma sai mutum ya dubi inda yake tuƙi. Mai gangarowa daga tuddan Adar wajen Keita ko Buza, ko mai bi ta tsakanin duwatsun Damagaram da kaya a baya, ko wanda kullum yake saukowa gangaren da ke kai wa gadar Kennedy a Yamai cikin cunkoson motoci da kabu-kabu, zai ji bambancin a hannunsa. Ɗan lakkol da ke zuwa makaranta a shimfiɗaɗɗiyar unguwa ta Maraɗi, inda rairayi kansa ke tsayar da keke, sabuwar roba da sabuwar waya sun ishe shi. Birkin V da aka daidaita da kyau yana iya ɗaga ƙafar baya sama a kan kwalta, kuma babu birkin da zai tsayar da keke fiye da haka. A ganina, kekuna da yawa da ake kai wa a sauya musu birki, abin da ke damunsu tsatsa ce cikin waya da robar da ta bushe ta zama kamar icce.

Abubuwan dubawa kafin a fitar da ko dala

Na farko shi ne jikin keken. Dubi gefen hagu na furshi, ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba, can ƙasa kusa da cibiya. Sannan dubi gefen hagu na baya. Keken da aka ƙera don faifai yana da kunnuwa biyu masu huda a wurin. Iri biyu aka fi gani a VTT. Akwai tsohon tsari da ake kira IS, wanda bis ke shiga daga gefe, tazarar hudojinsa milimita 51. Akwai kuma Post Mount, wanda bis ke shiga kai tsaye cikin wasu ƴan ginshiƙai biyu, tazararsu kimanin milimita 74. Kusan duk birkin da ake ƙerawa yanzu na tsari na biyu ne, amma akwai ɗan ƙarfen haɗi, adaptate, da ke ɗaura shi a kan na farko.

In babu kunnuwan nan, magana ta ƙare. Akwai masu cewa a kai wa mai walda ya liƙa, akwai kuma wani ƙarfe mai araha da ake damƙewa a jikin bututun da bis. Duka biyun a guje su, musamman a gaba. Birkin roba yana ɗora nauyinsa a saman furshi, inda ƙarfen ke da kauri. Birkin faifai yana ɗora shi ne a ƙarshen reshe ɗaya, yana murɗa shi. Reshen da ba a ƙera shi don wannan ba yana iya lanƙwashewa ko ya karye, kuma karyewar furshi ba ta ba mutum damar sa ƙafa ƙasa, da fuska ake sauka. Keken aluminiyom kuwa walda tana raunana ƙarfen da ke kewaye da wurin, ko da ɗinkin ya yi kyau a ido.

Na biyu shi ne cibiyar ƙafa. Faifai a jikinta yake ɗaure, ko dai da bis shida masu kan tauraro da ake kwancewa da kule T25, ko kuma da tsarin Shimano mai suna Center Lock, inda faifan ke zama a kan haƙora a kulle shi da zobe ɗaya. Cibiyar da ba ta da ɗayan biyun nan sai an sauya ta, ma'ana ko sabuwar ƙafa gaba ɗaya, ko a kwance tsohuwar a sake saƙa ta, galibi da sababbin rayon domin tsawonsu kan bambanta. In za a saƙa, rayon su gitta juna. Saƙar da rayon ke tafiya a miƙe daga cibiya zuwa janti ba ta jure murɗar faifai. In kuma ƙafa za ka saya, ka san girman taka: 26, 27,5 ko 29. Yana rubuce a gefen taya, wani lokaci da lambobin 559, 584 ko 622.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne hannun birki. Kekuna masu sauƙin kuɗi da yawa suna zuwa da hannun birki da na sauya bitas a haɗe cikin gida ɗaya. Mai son birkin mai dole ya cire wannan gidan, don haka sai ya sayi hannun bitas daban, wanda ya dace da adadin bitas ɗinsa. In ka tara kuɗin ƙafafu biyu, birki biyu, faifai biyu, adaptate, hannun bitas da ladan mai gyara, sau da yawa za ka ga gara ka sayar da keken ka cika ka sayi wanda ya zo da faifansa.

Akwai hanyar tsakiya da ta fi dacewa da aljihun mutane da yawa. Kekuna da dama na farkon shekarun 2000 suna da kunnuwan faifai a furshi ko da an sayar da su da birkin V. Irin wannan, a sa faifai a gaba kawai, a bar roba a baya. Lokacin da keke ke tsayawa nauyi gaba yake komawa, don haka birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin. Ƙafa ɗaya, birki ɗaya, rabin kuɗi.

Na waya ko na mai?

Birkin faifai iri biyu ne. Na waya yana aiki da irin wayar da kowane mai gyaran keke ya sani, kuma hannun birkin V yana jansa daidai. Misalansa su ne Avid BB5 da BB7, da wasu na Tektro da Shimano. A yawancinsu pilaket ɗaya ne ke motsi, na waje, shi ke tura faifan ya jingina da na ciki wanda ke tsaye. Saboda haka yayin da pilaket ke cinyewa, sai an riƙa matso da na cikin da hannu, ta wani bis ko ɗan maɓalli da ke gefen rayon. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar na ciki can nesa, a yi ta jan waya ana ɗaurewa. Birkin zai rasa ƙarfi, faifan kuma ya riƙa lanƙwasa har ya kai ga gugar ƙarfen gidan birki.

Na mai kuwa, hannu yana tura piston, piston ya tura mai cikin tiyo, man ya tura pilaket biyu a lokaci ɗaya. Yana daidaita kansa yayin da pilaket ke cinyewa, yatsa ɗaya ko biyu sun isa a tsaya, kuma da yake a rufe yake ƙura ba ta shiga hanyarsa kamar yadda take shiga kuben waya. Shimano MT200 shi ne wanda aka fi samu a kan kekuna masu matsakaicin kuɗi, kuma ya isa duk abin da mai keken gari zai nema.

Wanne ya fi? A kan hanya, na mai. Amma tambayar da ta fi wannan ita ce wa zai gyara maka shi. Waya in ta tsinke a ƙauye ranar kasuwa, za a samu wata. Tiyo in ya fashe, ko iska ta shiga, sai mai sirinji da ɗan mazurarin da ya dace da man da ya dace. Wanda ke zaune a babban gari kuma ya san mai gyaran da ya iya, ya ɗauki na mai. Mai yawan shiga daji, na waya mai kyau ya fi masa kwanciyar hankali.

Batun man nan yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ake kashe birki masu tsada. Mai iri biyu ne, kuma ba sa haɗuwa ko kaɗan. Shimano, Tektro da Magura suna aiki da man da ake rubuta wa Mineral Oil. Avid, Hayes, Hope da yawancin na SRAM suna aiki da DOT 4 ko DOT 5.1, irin na mota da babur, ko da yake SRAM ya fitar da wasu sababbi masu man mineral. Ba sai an yi canke ba, yana rubuce a kan murfin da ke jikin hannun birki. Ƴan robobin da ke toshe man a ciki an yi su ne don iri ɗaya. In mai gyaran babur ya ɗauko kwalbar DOT da ke gabansa ya zuba cikin Shimano, ko aka zuba man mineral cikin Avid, robobin za su kumbura ko su lalace, piston ya maƙale ko ya fara yoyo, kuma wanke shi daga baya ba ya mayar da su. Man inji, man keken ɗinki da man gyaɗa duk ba su da wuri a nan. A kula kuma, DOT 5 daban yake da DOT 5.1, ba a sa shi.

DOT yana da sauƙin samu a garuruwanmu, wannan alheri ne. Aibinsa shi ne yana shan danshin iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Mai da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai hannun birki ya tafi har jikin gidon babu abin da ya kama. Don haka a sauya shi sau ɗaya a shekara, daga kwalbar da ba ta daɗe a buɗe ba. Yana kuma cin fenti, in ya zuba a wanke da ruwa nan take.

Girman faifai da irin pilaket

Faifan VTT yakan zo da faɗin milimita 160, 180 ko 203. Babba ya fi ƙarfin tsayarwa kuma ya fi saurin hucewa. Daga 160 zuwa 180 ƙarfin yana ƙaruwa da kimanin kashi 12 cikin 100, kuma ga mai nauyin jiki ko mai ɗaukar kaya wannan shi ne gyara mafi araha da zai yi: faifai ɗaya da adaptate ɗaya. Sai dai kowane furshi yana da iyakar girman da aka yarda a sa masa, kuma ƙananan furshi masu araha ba a yi su don 203 ba. Babban faifai kuma ya fi saurin lanƙwashewa in an jefa keke saman mota cikin buhuna da awaki.

Pilaket ma iri biyu ne. Na rezin yana da taushi, ba ya ƙara, yana kamawa tun daga farko, amma taɓo da rairayi suna cinye shi da wuri. Na ƙarfe ya fi daɗewa kuma ya fi jure zafi, sai dai yana da ƙara kuma yana cin faifai. Wasu faifan masu sauƙin kuɗi an rubuta a jikinsu cewa na rezin kaɗai suke ɗauka, a karanta kafin a saya. Siffar pilaket ta bambanta daga birki zuwa birki, don haka ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu. Siffar da Shimano ke kira B01S, wadda yanzu ake sayarwa da sunan B05S, tana shiga MT200 da birkin Tektro da yawa. Wanda ya samu na kirki ya sayi biyu ya ajiye, domin jabu sun yi yawa, kuma ranar da kake nema ba lallai ka samu ba.

Sabon pilaket da sabon faifai ba sa kamawa da kyau ranar farko, kada a ce an yi maka algus. Sai an saba musu da juna. Nemi wuri mai kwalta da babu motoci, ka ɗan yi gudu, ka matsa birki ɗaya a hankali har keken ya kusa tsayawa, ka sake shi kafin ya tsaya cak. Maimaita kamar sau 20 ga kowace ƙafa. Za ka ji ƙarfin yana ƙaruwa.

Babban abokin gabar faifai shi ne maiƙo

Ƙura ba ta kashe birkin faifai. Abin da ke kashe shi maiƙo ne, ko ɗigo ɗaya. Pilaket yana tsotse mai kamar yadda soso ke tsotse ruwa, kuma da zarar ya sha, sai birki ya riƙa kuka kamar an taka jaki, ƙarfinsa kuma ya tafi. Hanyoyin da man ke isa wurin sanannu ne: a fesa wa sarƙa mai ya fantsama, mai faci ya kama faifai da hannun da ya gama taɓa giris, ko mai wankin babura ya bi keken da tsumman gazuwal don ya yi ƙyalli. Akwai ma masu ɗiga mai a kan faifai da gangan wai don ya daina ƙara. Zai daina ƙara na ɗan lokaci, ya kuma daina tsayawa.

Faifai ana goge shi da alkol na farmasi da tsumma mai tsabta wanda bai taɓa ganin mai ba. Pilaket in ƙyalli kawai ya yi saboda zafi, a cire shi a ɗan goga fuskarsa a kan takardar yashi da aka shimfiɗa a wuri mai laushi ɗaya. In mai ya sha sosai, a jefar. Ƙona shi a wuta da wasu ke yi yana iya raba abin birkin da ƙarfen da yake manne a kai.

Sau ɗaya a wata a leƙa cikin gidan birki da tocila. Shimano ya ce in kaurin abin da ke kan pilaket ya sauko zuwa rabin milimita a sauya, amma gara a yi tun yana milimita 1. Wanda ya bari ƙarfe ya fara cin ƙarfe zai sayi faifai ma. Faifan Shimano sabo kaurinsa milimita 1,8 ne, kuma ana sauya shi in ya kai 1,5. Kowane kamfani yana buga iyakarsa a jikin faifan, tare da kibiyar da ke nuna inda zai riƙa juyawa.

In faifai yana guga a kowane juyi, shaf, shaf, shaf, ya ɗan lanƙwashe ne. A juya ƙafa a gano wurin, a sa kule a molet mai tsabta a tanƙwara shi kaɗan kaɗan zuwa ɗaya gefen. In kuwa gugar ba ta yankewa, gidan birkin ne bai zauna tsakiya ba. Ga na mai, a sassauta bis biyun da ke riƙe shi, a matse hannun birki a riƙe, a ɗaure bis ɗin bi da bi, sannan a saki. Kafin duk wannan a tabbata ƙafar ta zauna daidai cikin mazauninta kuma maƙullinta ya ɗauru tam. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙafar gaba, domin birkin faifai yana tura cibiya ƙasa, wajen bakin da ƙafa ke fita. Maƙullin hannu da aka rufe da kyau sai ya bar shaida a tafin hannunka.

Abu biyu kuma da ya kamata a gaya wa mai faci tun kafin ya fara aiki. In an cire ƙafa, kada kowa ya matsa hannun birkin mai, domin pilaket za su haɗe, piston ma yana iya fitowa. A cusa ɗan kwali mai tsabta a tsakaninsu. Sannan kifa keke ƙafafu sama, kamar yadda aka saba, yana iya tura iskar da ke cikin ma'ajin mai zuwa tiyo. Bayan an mayar da shi a matsa hannun sau da yawa kafin a hau. In ya ci gaba da laushi kamar ana matsa burodi, iska ta shiga, sai an fitar da ita. Yara kuma a hana su taɓa faifai bayan doguwar gangara, yana ƙuna, kuma yatsa cikin hudojinsa lokacin da ƙafa ke juyawa mummunan rauni ne.

Sabon birki yana neman sabon hannu

Wanda ya shekara yana damƙe birkin roba da yatsu huɗu, ranar da ya hau keke mai birkin mai ya yi haka, zai tsinci kansa a gaban keken. Yatsa ɗaya ko biyu, a matsa a hankali, a ja jiki baya. A kan kwalta birkin gaba ne sarki. Cikin rairayi ko tsakuwar latarit, musamman a kwana, damƙe na gaba yana zame ƙafa nan take, don haka a rage gudu tun kafin a shiga, a fi dogara da na baya. A doguwar gangara kada a riƙe birki tun daga sama har ƙasa, a riƙa matsawa ana saki don faifai ya sha iska. A kuma duba wane hannu ne na gaba: kekunan Faransa da yawancin Turai hagu ne, na Ingila dama ne, kuma a cikin na hannu duka biyun suna zuwa.

Sauran keken

Birki mai kyau a kan keken da sarƙarsa ta mutu bai kai mutum ko'ina. Al'adar zuba baƙin man inji a sarƙa ita ce ke cinye ta. Man yana kama ƙurar hunturu su zama wani ƙulli mai niƙa ƙarfe. A goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mai mara kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a sake gogewa har wajenta ya kusa bushewa. Cikin gaɓa ake son man. Ana gane sarƙar da ta ƙare da ma'auni: tazarar ƙusa zuwa ƙusa milimita 12,7 ce, don haka tazara 24 a sabuwar sarƙa milimita 305 ce saura kaɗan. In ta kai 307 a sauya, tun kafin ta cinye haƙoran baya su ma.

In furshin mai lotsawa ne, a riƙa goge bututunsa biyu masu ƙyalli bayan kowace fita, domin ƙurar da ta taru a bakin robar ita ke shiga ciki ta karce su. Kada a bari a wanke keke da injin fesa ruwa mai ƙarfi na wankin mota, yana tura ruwa da rairayi cikin cibiya da mazaunin feda ya kore giris. Bokiti, soso da sabulu sun isa, sannan a ɗauraye faifai da ruwa mai tsabta.

Taya kuwa, ƙayar aduwa da ta bagaruwa da tsidau ba su san keke mai tsada ba. Bayan kowane faci a bi cikin tayar da yatsa a hankali a ciro ƙayar da ta rage, in ba haka ba sabon shambur ma zai bi sahun tsohon. Iyakar iskar da taya ke ɗauka tana rubuce a gefenta. Cika ta tam kamar dutse yana da daɗi a kwalta, amma cikin rairayi taya mai ɗan sassauci ta fi shimfiɗuwa ta hau sama, kuma ta fi riƙe ƙasa lokacin da aka matsa birki. Tsarin nan na taya marar shambur, mai wani farin ruwa a ciki da ke toshe hudar ƙaya da kansa, yana aiki sosai a ƙasa irin tamu. Sai dai zafin bazara yana busar da ruwan da sauri, dole a riƙa dubawa ana ƙarawa duk bayan ƴan watanni, kuma sai janti da tayar duka an yi su don haka.